Da Sauƙi, In Ji Mai Kitson Dawaki

Duk macen da ta zauna a unguwar Dawaki ta garin Gombe, tun daga shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa har zuwa lokacin da kuɗin mai suka cika gari, da wuya a ce kanta bai taɓa shiga tsakanin gwiwoyin Adda Suwaiba ba. Mai kitso ce, Bafulatana doguwa, 'yar ruga daga wajejen Dukku. Aure ne ya kawo ta gari, sa'ad da mijinta Bamanga ya ajiye sandar kiwo ya kama dillancin shanu. Ta zo da kibiyar kitso guda ta ƙarfe da 'yar ƙwaryar man shanu. Da su ta ci, da su ta sha, da su ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki.

Hannunta ba shi da zafi ko kaɗan. Akwai masu kitson da in sun kama kanki sai kin kwana uku ba ki iya dariya ba. Ita Adda kuwa, kafin ta kai tsakiyar kai mai kan ta yi barci a cinyarta, wata har da minshari. Wannan barcin shi ne abin alfaharinta a duniya, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Rashin faɗar nan shi ne halinta. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ita Adda sai dai a tambayi wuya. Tarbiyyar ruga aka yi mata, inda saniya kan taka yarinya a tambaye ta, ta haɗiye hawaye ta ce lafiya lau. Bakinta bai iya a'a ba, bai iya wayyo ba. Amma Allah ba ya toshe ƙofa duka. In kika kawo mata salon kitson da bai dace da goshinki ba, baki zai ce “to,” wuya kuma ya karkata hagu kaɗan, sai mai hankali ta sake shawara. In abu ya yi mata daɗi haɓa ta sauka sau biyu. In ranta ya ɓaci wuyan ya miƙe kamar na zabuwar da ta ji motsi. Duk unguwa an iya wannan karatu, Bamanga kuwa ya sauke ya maimaita. Shekara da shekaru yana yi wa bakinta tambaya, yana karɓar amsa a wuya.

A wannan wuyan ne maƙoƙo ya zo ya sauka. Bayan haihuwar autarta ya fara, kamar goro, ya koma kamar lemo, ya ci gaba da abinsa ba gaggawa. Ba ta tsorata ba, don a rugarsu ta bar mata da yawa da shi. Abin da ya fi damunta son sani ne. Takan ɗora yatsa a kai ta haɗiyi yawu, ta ji ya hau ya sauko, ta yi ta mamaki. “Baƙona” take kiransa. Me yake ci? Me ya zo nema? Don Adda kunyar ciwo take ji, amma ba ta kunyar tambaya. Ita ce ta taɓa tsare direban jirgin ƙasa a bakin tasha sai ya gaya mata yadda ruwa da wuta ke jan ƙarfe.

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashin nan na Udoji, aure ya ɓarke a Gombe kamar an buɗe dam. Masinja ya yi aure, malamin makaranta ya sayi babur ya yi aure, kowace amarya da ƙawayenta, kowane kai kuma sai na Adda. Takan sunkuya tun hantsi sai la'asar. A nan baƙo ya fara nuna hali. In ta sunkuya sai ya danne maƙogwaro, numfashi ya riƙa fita da ɗan kuka siriri.

Wadda ta fara ji ita ce Elizabet, ma'aikaciyar jinya, Batangaliya mai zama a unguwar Herwagana, wadda ba ta shiga Kirsimeti sai da kitson Adda a kanta. Kunnenta na kan cinya ta ce, “Adda, wannan usur ɗin fa, na wane ɗan sanda ne?”

“Baƙona ne ke gaisuwa.”

“To baƙon nan ya daɗe. In ba a sallame shi ba, shi zai sallami mai gida.”

Baki ya ce “to.” Wuya ya karkata hagu. Elizabet ta yi kamar ba ta gani ba, ta bi ta wajen Bamanga, ta koma ta dawo, har sai da aka kwantar da Adda a asibiti. Wani likita Ba'indiye ya yi aikin, mutum mai hankali da ladabi, wanda ya koyi Hausa daidai ta cefane.

Da ta farka, abin da ta fara ji shi ne ɗaci a baki da tashin zuciya, sai kuma wani nauyi kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Ta so ta ɗaga kai, kai ya ƙi. Ta so ta haɗiyi yawu, sai ta ji kamar garwashi ne ke sauka. Tun tana yarinya take haɗiyar yawu, ba ta taɓa sanin aiki ba ne sai ranar. An naɗe wuyan da farin bandeji tun daga haɓa har ƙashin ƙirji, ga wata 'yar roba ta leƙo ta gefe tana ɗigar da ruwa ja-ja cikin kwalba. Da wata ce, da ta rufe ido. Adda sai da ta roƙi madubi.

Muryar da ta roƙa da ita ma ba tata ba ce. Wata dusasshiya ce ta fito, irin ta tsohon da ya kwana yana shan taba. Ta sake gwadawa don ta ji ko ita ce dai. “Ikon Allah,” ta ce, “sun fitar da baƙo sun sa wani.”

Ba ta huta ba sai da aka kawo mata maƙoƙon a cikin kwalbar magani ta gani. Ta daɗe tana kallonsa. Ashe ba shi da ido, ba shi da baki, tsoka ce kawai mai kama da ƙundun kaza. Ta ji wani abu kamar kewa, ta ce, “Ashe haka kake. Duk zaman nan ba ka ce komai ba.” Masu jinya suka yi ta dariya.

Sannu a hankali ta koyi zama da sabon jikin. In za ta tashi sai ta sa hannu biyu ta tallabe ƙeya, kamar mai ɗaukar ƙwaryar nono cike. Kunu sai ya huce, sai da ƙaramin cokali. Tari ya zama abokin gaba, atishawa kuwa ba a magana: in ta ji tana tahowa sai ta dafe wuya ta yi ta salati. Fatar ƙarƙashin haɓa ta mutu murus, ta tsunkula ba ta ji ba, ta sake tsunkula don ta tabbata. Salla a zaune, kuma da ta zo sallama ta tarar ba ta iya juya kai dama da hagu, dole ta juya gangar jiki gaba ɗaya. Mafi ban mamaki, inda wuƙa ta bi bai kai bayan wuyan ciwo ba, don an ce an tanƙwara kan baya tsawon aikin.

Maƙwabciyarta Barira, Bakanuwa mai bakin da ba ya hutu, ta zo dubiya da kwanon farfesun da mai jinya ba ta iya haɗiya. Ta zauna ta ce, “Sannu Adda. Haƙuri dai, bayan wuya sai daɗi.”

Adda ta kai hannu ta shafa bayan wuyan da ke mata zugi. Wanda ya yi karin maganar nan, ta raya a ranta, ba a taɓa yi masa aiki ba. Dariya ta taso, ɗinki ya ja, ta haɗiye ta da ƙyar. A fili kuwa ta ce, “Haka ne.”

Kullum da yamma Bamanga kan zo daga kasuwar shanu, ya tsaya nesa da gado kamar baƙo. Ba ya kiran sunanta, da sunan 'yarsu ta biyu yake kiranta.

“Innar Fanta, yaya jikin?”

“Da sauƙi.”

Sai idonsa ya sauka kan wuya, inda ya saba karɓar amsa. Ba komai sai farin bandeji, tsaye ƙyam. Ya ɗan jira ko zai motsa. Bai motsa ba. Haka zai juya ya tafi, duk wanda ya tare shi a hanya ya ce masa da sauƙi, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi kansa bai san dalili ba.

Akwai kuwa abin faɗa. Tun kwanakin farko ta fara jin kamar kiyashi na yawo a leɓɓanta. Ta shafa, ba kiyashi. Daga nan suka sauka kan yatsu. Da fari abin ya ba ta sha'awa, ta riƙa bin sawunsu: yau sun kai gaɓa ta biyu, yau sun leƙa yatsun ƙafa. Ran da ta ɗauki cokali ta ji babban yatsa ya ɗan ƙage kafin ya saki, sha'awa ta gudu, tsoro ya shigo. Wuya na kowa ne, amma yatsun nan su ne Adda Suwaiba. In aka ji hannun mai kitso ya taɓu, wane kai ne zai sake zuwa? Ta tura hannuwan ƙarƙashin zane.

Elizabet ba ta nan, ta tafi Kaltungo biki. Likita ya zo zagaye, ya duba ɗinki ya yaba, ya ce da Hausarsa, “Mama, yaya jiki? Akwai wani abu?”

“Da sauƙi, likita.”

Shi bawan Allah ya ɗauka labari aka ba shi. Bai san gaisuwa aka amsa ba. Wa ya taɓa jin an ce wa mutum yaya jiki ya ce babu sauƙi? Mai shaƙuwar mutuwa ma da sauƙi yake cewa, a ce masa Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Likita ya yi murna, ya sallame ta.

A gida kiyashi suka ƙaru. Maraƙin ƙafa ya riƙa ɗaurewa. Takan zauna a tsakar gida ta fito da kibiyar kitso ta jujjuya ta, tana so ta sani, tana tsoron ta sani. Wata safiya Barira ta shigo tana mitar suna ya taso ga kai a tsefe, Adda ta ji kanta tana cewa, “Zo in gwada.”

Ta hau kujera mai tsawo don kada ta sunkuya, Barira ta zauna a tabarma. Ta tsaga, ta shafa man shanu, ta kama. Layin farko ya tafi, ba kyau sosai, amma ya tafi. Ana cikin na uku Barira ta ce, “Kai, Adda, yau hannunki da zafi.”

Tun da take ba a taɓa gaya mata wannan magana ba. Kafin ta gama jin ciwonta, yatsun suka haɗe wuri guda suka ƙage, babban yatsa ya shige tafi, wuyan hannu ya lanƙwashe. Gashin Barira na ciki.

“Adda, saki! Wayyo, za ki tuge ni!”

“Ina sakin.”

“Ba ki saki ba!”

Da ƙyar Barira ta zare gashinta tsinke-tsinke daga cikin yatsun. Ta juyo ta ga hannun, ta ga ɗayan ma ya fara bin sawu, ta dafe ƙirji. “Na shiga uku! Adda, yaya kike ji?”

“Da sauƙi.”

“Sauƙin gidan wa?” Ta yafa mayafi a kan da aka kitse rabi, ta yi waje tana kiran tasi, sai Herwagana, gidan Elizabet, wadda ta dawo daga bikin.

Adda ta zauna ita kaɗai da hannuwanta a cinya. Sun yi kamar na mai shirin ɗiban gishiri, sun tsaya a haka. Ta umarce su su buɗe, suka yi biris. Ciwon kamar ana murɗa jijiya da filaya, amma ba shi ya sa ta hawaye ba. Kibiyar ce da ta faɗi ƙasa kusa da ƙafarta, tana gani, ba ta iya ɗauka. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko a ƙofar ɗakin tiyata.

Elizabet ta shigo ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ta durƙusa. “Sannu Adda. Yaya jiki?”

“Da sauƙi.”

“Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. To an gama gaisuwa. Yanzu tambaya nake yi.”

 Elizabet ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa wa Adda kunci, gaban kunne kaɗan. Leɓen sama ya yi tsalle shi kaɗai. Duk da halin da take ciki, Adda ta zaro ido. “Sake in ji.” Aka sake, leɓe ya sake tsalle. “Wa ya aike shi?”

“Akwai wasu 'yan ƙwayoyi guda huɗu a bayan inda maƙoƙo ya zauna, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Su ke raba wa jini abin nan da ke cikin nono mai ƙarfafa ƙashi. In an yi aiki kusa da su, wani lokaci sukan yi yaji. Da sun yi yaji, jijiya ta rasa abincinta, sai ta ƙage.”

“Huɗu? Tun daga ruga nake yawo da su ban sani ba?” Sai kuma ta ce, “Ana bikonsu?”

“Ana yi. Allura ce ta jijiya, da ƙwayoyi, da nono kamar kin koma ruga. Yawanci sukan dawo ɗakinsu. Amma Adda, likita ba zai san yawan abin da zai ba ki ba sai ya ji tun yaushe, da ina da ina, da yadda yake yi. Leɓe ya ba da shaida, saura baki. In kika sake ce masa da sauƙi, gaisuwa zai yi wa magani. Abin nan kuma ba a hannu yake tsayawa ba, yana iya hawa maƙogwaro.”

Ana haka sai ga sallamar Bamanga, wani ya kai masa labari kasuwa. Barira ta ja mayafi ta rufe rabin kitsonta. Ya tsaya a bakin ƙofa, numfashinsa na fita sama-sama, amma murya a daidaice kamar kullum.

“Innar Fanta, yaya jikin?”

Idonsa ya tafi kan wuya. Adda ta ga ya tafi. Sai a lokacin ta gane abin da ya yi ta nema a bakin gadon asibiti, da yadda yake juyawa ya tafi hannu wofi. Ta gwada karkata wuyan hagu, ko yaya, ɗinki ya ce ba ki isa ba. Elizabet ta sunkuyar da kai, ba ta taimake ta ba. Adda ta dubi kibiyar da ke ƙasa.

“Babu sauƙi, Malam.”

Da baƙuwar muryar nan ta fito, a dushe, sai ta zo mata da sauƙin faɗa kamar wata ce ke magana. Barira ta saki baki. Kaza ma da ke tsakar gidan kamar ta tsaya.

“Da ciwo,” Adda ta ce. “Tun ina asibiti. A leɓe ya fara, kamar kiyashi, ya sauka yatsu. Da safe ya fi. In na yi numfashi da sauri ya fi. Ƙafa tana ɗaurewa, ta dama kafin ta hagu. Bayan wuyan nan bai bar ni na yi barcin kirki ba ko sau ɗaya. Haɗiya kamar wuta. Kuma ina jin tsoro, Malam. Ina tsoron hannuna ya tafi ke nan.”

Duk abin da ta yi kwanaki tana bin sawunsa ya fito daki-daki, Elizabet na gyaɗa kai tana ajiyewa. Bamanga kuwa ya buɗe baki ya rufe. “Da sauƙi” tana da amsarta tun kaka da kakanni. Wannan ba a koya masa amsarta ba. Ya yi tsaye, mutumin da ke sasanta Bafulatani da mahauci a kan bijimi, ya rasa kalma ɗaya.

Sai ya cire takalmi ya shigo. Ya durƙusa a gaban mata biyu baƙi, ya ɗauki ƙwaryar man shanun, ya lakato, ya kama ƙagaggen hannun matarsa ya shiga murzawa a hankali, yatsa bayan yatsa. Barira ta kau da kai, don ko a mafarki ba ta zaci za ta ga Bamanga ya taɓa ko gefen zanen Adda a gaban mutane ba. Man shanu ba ya maganin wannan ciwo, Elizabet ta sani sarai, amma ta bar shi ya gama hannu ɗaya kafin ta ce tasi na jira.

A asibiti Adda ta maimaita wa likita komai, har da ƙari, har ta tambaye shi ko shanu ma suna da 'yan huɗun nan. Aka sa allurar a jijiya, ta ji ɗumi ya bi jikinta, tana kallo yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya kamar ba su ba. Ta sha ƙwayoyi, ta sha kindirmo har ya gundure ta. Masu yaji ba su dawo da wuri ba, sai da aka yi ta lallashi. Muryar ma ta dawo, ko da yake ta bar ɗan kaushi a ƙasanta har ƙarshen rayuwarta. Tabon ya zauna siriri a gindin wuya, ba ta taɓa rufe shi da sarƙa ba. Duk mai tambaya sai ta ba shi labarin 'yan huɗu.

Sunan da Barira ta so zuwa ya wuce da rabin kitso a ƙarƙashin ɗankwali, kuma ta rantse ba mai taɓa kan nan sai wadda ta fara. Bayan damina ta ja baya, wata ranar hantsi, ta zo ta zauna a tabarma. Adda ta tsefe tsohon, ta tsaga, ta shafa mai. Ta wuce layi na uku. Barira na ta ba da labarin wata amarya da aka kai da motoci, labarin ya riƙa tsinkewa, ya riƙa nisa, kai ya yi nauyi a kan cinya.

Bamanga ya fito zai tafi kasuwa, ya tsaya daga nesa ya kau da ido daga kan matar mutane. Wuyan ya soma juyawa a lokacin, da ya so da ya karanta. Bai duba ba. Fuskarta ya kalla, ya jira.

“Innar Fanta, yaya jikin?”

“Bayan wuyan da saura,” ta ce a hankali, yatsunta na tafiya. “Hannu kuwa, saurara ka ji.”

Ya kasa kunne. Barira na minshari.